Shekarar da Na Rera Rabin Waƙa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san abin da baki ya furta da abin da ya haɗiye.

Wannan babin naku ne ku 'ya'yana, musamman kai Bashiru, da ka dawo daga Sakkwato kwanakin baya ranka a ɓace saboda wani ya ce maka ubanka ne ya yi waƙar da aka kashe mutum da ita. Ka tambayi innarku Hauwa, ta ce maka ƙarya ce, zancen mahassada ne. Innarku ta faɗi haka ne don ta rufa mini asiri, aikin da ta shekara arba'in tana yi ba gajiya. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuma na kai shekarun da kullum ranar wanka ce. Abin da mutumin ya faɗa maka ba ƙarya ba ne. Sai dai bai san yadda aka yi ba, ni na sani.

Kun taso kun gan ni a kan keken ɗinki a bakin kasuwar Sabon Birni, kuna tsammanin nan na ƙare. To ba da keke aka san ni ba. Tun ina saurayi nake wasan kwaikwayo mai waƙa, irin wanda ake ɗan yin magana kaɗan, sai kalangu ya shigo, sauran zancen duk a rera shi. Ba mu da zaure ba mu da fitilu. Bencinan makaranta muke haɗawa mu ɗaure da igiya su zama dandamali, mu kafa zana a baya mu rataye kayan wasa a jikinta, mu fara bayan la'asar mu tashi kafin magariba. 'Yan amshi huɗu, da Ɗan Jimma mai kalangu, da ni. Mun yi wasa a Isa, mun yi a Tozai da Gatawa, mun tsallaka Nijar inda suke ce wa abin teyatur suna tafa mana kamar sun ga wasu manya. Na fito a alƙali mai kwaɗayi, na fito a tsohuwa mai gulma har wata tsohuwar gaske ta biyo ni da muciya wai da ita nake. An ce yabon kai jahilci ne, to a wannan fanni na daɗe da yarda ni jahili ne: a ƙasar Gobir ta wancan lokaci babu wanda ya fi ni riƙe taro.

Mutum ɗaya ne ya taɓa ƙwace mini taro, shi ne Sambo. A Kurawa abin ya faru. Ina kan dandamali ina kwaikwayon Bafulatani, na sa malfa na saɓa sanda ina karya harshe, mutane suna dariya, sai wani siririn makiyayi ya miƙe daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya.

"Kai Kaɗo! In za ka zagin mu, ka zage mu da kyau. Wanga ba zagi na ba, kukan jaki na!"

Kafin in buɗe baki ya kama waƙa, a kan kiɗan Ɗan Jimma, ya yi wa Gobirawa zambo tun daga zanen fuskarmu har zuwa yadda muke cika baki da yaƙin kakanni alhali kare ya yi haushi mu haye rumbu. Taron nan ya kife da dariya, har da ni, ko da yake tawa ta ciki na ciki ce. Da aka tashi na bi shi har rugarsu. Na ce masa mutumin da ya iya kunyata ni haka, gara in ajiye shi kusa. Daga ranar ya zama ɗan wasanmu, kuma fiye da shekara ashirin ban hau dandamali babu shi ba sai sau ɗaya ko biyu. Shi ya zo da rago ranar sunanka, Bashiru.

Wasan da muka yi suna da shi sunansa Kara da Taki. Ni ne manomi, shi ne makiyayi. Shanunsa sun shiga gonata, mu yi ta sa-in-sa a waƙe, a ƙarshe a daidaita yadda iyayenmu suke yi: bayan girbi shanunsa su ci karan gonata, su bar mini taki. A tsakiyar wasan akwai waƙar da kowa yake jira. Ni zan fara, ina nuna shi da kalme, wato fartanyarmu ta nan:

Mai sanda, burtali bai ishe ka ba,
Sai gerona ka gani da faɗi?
In na ishe ka a bakin kunya,
Garin ga ya yi maka kaɗan.

'Yan amshi su karɓa: A kore shi, a kore shi, ya koma daji.

Daga nan Ɗan Jimma sai ya ɗauke hannu daga kalangu, a yi tsit gwargwadon numfashi uku. Wannan shirun mu a wurinmu sunansa ƙofa. An buɗe wa ɗaya ƙofa ke nan ya shigo ya rama. Sambo kuwa sai ya jingina da sanda, ya ɗage ƙafa ɗaya, ya shigo a hankali kamar mai jin barci:

Mai kalme, in na tafi wa zai ba ka taki?
Gonarka ta koma faƙo.
Ka dama fura da ruwan rijiya,
Ka sha kana tuna ni.

'Yan amshi su juya: A kira shi, a kira shi, ya dawo gona.

Doka ɗaya muke da ita wadda ba a taɓa takawa ba: ba a rufe wa mutum ƙofa. Duk wanda ya yi zambo, dole ya tsaya ya sha nasa. Ba wanda yake rerawa sau biyu a jere. Manoma su yi dariya a rabina, Fulanin da suka shigo kasuwa su yi dariya a rabinsa, kowa ya koma gida yana ganin nasu ne ya ci.

Sai daji ya lalace. Ba sai na ba ku labarin wannan ba, a cikinsa kuka girma. Aka fara da satar shanu, na Fulani da na Hausawa duka, aka koma ɗaukar mutane, aka koma harbin manomi a kan kunyarsa. A daminar shekarar da nake ba ku labari aka kashe baffanku Lawali, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, a gonarsa ta Gatawa, yana noman maimai. Ni na yi masa wanka. Na ga abin da harsashi yake yi wa ƙirjin mutum, kuma daga ranar wani abu ya zauna mini a rai ya ƙi tashi. Mutanen ƙauyukan da aka kora suka cika makarantun Sabon Birni, mata da yara a azuzuwa, maza a gindin bishiya. A bakin kowa kalma ɗaya ce: Fulani. Ba a cewa ɓarayi, ba a cewa 'yan bindiga, sai Fulani, kamar Sambo da aka kwashe wa shanu goma sha ɗaya a watan da ya gabata shi ma yana cikin masu harbin.

Bayan sadakar arba'in wasu dattawa suka roƙe mu mu yi wa mutanen makarantar wasa, ko yara sa yi dariya. Muka sa ranar Juma'a. Ana saura kwana biyu, da hantsi, na ji sallama a ƙofar gida. Sambo ne, ya rame, ya naɗe rawani ya rufe rabin fuskarsa, ba malfa ba sanda, don kada a gane shi a hanya. Ya zauna a zaure ya yi mini ta'aziyya yana hawaye.

"Kaɗo, Allah shi jiƙan Lawali. Tun da nij ji nika son zakkuwa, hanya ta ba ta biyuwa. An ce kuna wasa ran Juma'a. Za ni zuwa."

"Kak ka zo," na ce masa.

"Don mi?"

"Gari ba lahiya, Sambo. Jinin mutane na tahwasa. In sunka gan ka bisa dandamali ban san abin da ka hwaruwa ba."

"Shekara ashirin sunka san ni. Yanzu na ya kamata su gan mu tare. Kuma in ban zo ba, wa ka shiga ƙohwa?"

"Ba mu yin Kara da Taki. Wasan alƙali za mu yi, a yi dariya a watse."

Ya dube ni ya ce to, ya ja rawaninsa ya tafi. Innarku ta fito da kwanon fura ta tarar da zaure ba kowa sai ni.

"Malam, baƙo yat taho tun daga Kurawa cikin wanga hali, kab bar shi yat tahi bai sha ko ruwa ba?"

Na ce mata don lafiyarsa na sallame shi da wuri. Ta ajiye kwanon a gabana.

"Tsoron a taɓa shi kaka yi, ko ganinai na ba ka so?"

Na daka mata tsawa, abin da mutum yake yi idan an taɓa inda ke masa ciwo. Gaskiyar ita ce duka biyun. Ina tsoron a taɓa shi. Kuma da ya zauna a zaurena yana kukan Lawali, na dubi dogon hancinsa da siraran yatsunsa, sai na ji zuciyata tana cewa irin waɗannan yatsun ne suka ja kunamar bindigar. Mutumin da muka ci a kwano ɗaya shekara ashirin. Shaiɗan ba ya buƙatar ƙofa babba.

Ranar Juma'a filin makarantar ya cika har kan katanga. Muka yi wasan alƙali, aka yi dariya sama-sama, irin ta mutanen da suka manta yadda ake yi. Muna shirin tashi sai wata tsohuwa daga gaba, wadda na ji an ce 'ya'yanta biyu aka kashe, ta ɗaga hannu.

"Ummaru, ka yi muna ta mai sanda!"

Taro ya ɗauka. Ta mai sanda, ta mai sanda. Ɗan Jimma ya matso kusa da ni, kalangu a hammata, ya yi ƙasa da murya.

"Ummaru, babu mai shiga ƙohwa hwa."

"Buga," na ce.

Ya buga. Na ɗauki kalme na rera rabina, kuma ban taɓa rera shi kamar ranar ba. A da ina yin sa ne da murmushi a gefen baki, ina kashe wa 'yan kallo ido. Ranar babu murmushi. Na nuna wajen da Sambo yake tsayawa, wajen ba kowa, sai kowa ya sa fuskar da yake so a wurin. 'Yan amshi suka karɓa, Ɗan Jimma ya ɗauke hannu kamar yadda ya saba, ƙofa ta buɗe.

To ku saurara da kyau, don duk abin da nake so ku sani yana cikin numfashi ukun nan. Na san rabin Sambo kamar sunana. Akwai shekarar da zazzaɓi ya kwantar da shi a Tozai, na yi wasan ni kaɗai, in rera nawa, in juya in sa malfa in rama wa kaina, mutane suka yi ta dariya. Ranar Juma'ar nan malfar tana rataye a jikin zana, bayana, in na miƙa hannu zan taɓa ta. Ɗan Jimma yana dubana yana nuna mini ita da haɓa. Ba mantawa na yi ba, ba ruɗewa na yi ba. Na dubi tsohuwar nan, na tuna ƙirjin Lawali, na ɗaga wa 'yan amshi hannu na ce su maimaita.

A kore shi, a kore shi, ya koma daji.

Filin gaba ɗaya ya karɓa. Maza suka miƙe, mata suna guɗa suna kuka a lokaci guda, ƙasa tana motsi da dukan ƙafa. Sau nawa aka maimaita ban sani ba. Abin da ya fi yi mini wuyar rubutawa shi ne wannan: na ji daɗi. Abin da ya zauna mini a rai kwana arba'in ya sauka. Ban taɓa riƙe taro kamar ranar ba, kuma na san hakan ina tsaye a wurin, na yi alfahari da shi.

Ban lura da wayoyin da aka ɗaga ba. Kafin mako biyu waƙar tana cikin kowace waya daga Sabon Birni har Isa, rabina kawai, da amshin da ba ya ƙarewa. 'Yan kabu-kabu suna sa ta a kan babur. Daga nan samarin da suka ɗauki adduna da bindigogin toka da sunan tsaron gari suka mai da ita tasu, da ita suke fita, da ita suke dawowa. Ranar da na fara jin ta a bakinsu, sun wuce ta gaban shagona a jere, sai da allura ta shige mini yatsa ban ji ba. Na je wurin mai shagon cajin waya da ake cewa daga wurinsa ake tura ta, na ce ya goge. Ya yi dariya ya ce ko ya goge tasa, ya zai yi da ta sauran duniya. Magana zarar bunu ce, na sha faɗa wa mutane haka a kan dandamali da muryar tsohuwa, ashe ban taɓa jin ta ba.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, kada ku ce ban yi ba, ko da yake ƙoƙarin bai tsinana komai ba. A wani taron suna na miƙe na sa malfa na kama rabin Sambo. 'Yan amshina huɗu suka sunkuyar da kai, ba wanda ya karɓa. Wani daga baya ya ce an saye ni, wani ya ce in tuna wanda ya kashe ƙanena. Mai gidan ya zo ya riƙe hannuna ya ce don Allah in zauna kada in ɓata masa taro. Na zauna da malfa a kaina kamar wawa. A gida innarku ba ta ce mini ai na faɗa maka ba, ba halinta ba ne. Ta dai daina yin 'yan waƙe-waƙen da take yi in tana daka, gidan ya yi shiru.

Bayan girbi labari ya zo cewa an kashe wani dattijon Bafulatani a bakin wata kasuwar ƙauye a kan hanyar Isa, ya kawo tunkiya zai sayar. Aka ce samarin suna rera waƙar sa'ad da suka auka masa. Sai washegari na ji sunansa: Dikko, yayan Sambo, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Kafin in yi shawarar zuwa ta'aziyya, rugarsu ta tashi gaba ɗaya ta tsallaka Nijar. Na kwance kayan wasa daga zana na zuba a buhu, na ce wa Ɗan Jimma ya nemi wani. Wasu sun ce tsoro ne ya sa na bari, wasu sun ce tuba na yi na zama ustazu. Na bar su da zatonsu, na koma kan keke.

Shekara biyu ina cewa gobe za ni neman Sambo. Ni da nake tsayawa gaban mutum dubu ban ji ɗar ba, na kasa tsayawa gaban mutum ɗaya. Daga ƙarshe wani ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar ya ce mini ya ga Sambo a bayan wani gari kusa da iyaka, yana kiwon awakin mutane. Innarku ce ta ɗaure mini goro da sukari a leda, ta ajiye mini a kan keken ɗinki. Da safe na hau babur.

Na same shi a gindin wata aduwa, gemunsa ya yi fari fat. Ya gane ni tun daga nesa, ya miƙe, ya shimfiɗa mini buzunsa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi innarku, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Ya aika aka kawo nono a ƙwarya ya miƙa mini da hannu biyu. Ni da na sallame shi bai sha ruwa ba. Na riƙe ƙwaryar na ce masa gafara na zo nema, na fara ba shi labarin ranar Juma'ar, da malfar, da yadda na ɗaga hannu. Ya tsayar da ni.

"Na ji ta cikin waya, Kaɗo. Na ji inda Ɗan Jimma yaɗ ɗauke hannu. Na ƙirga numfashi ukun. Ba sai ka hwaɗa min ba."

Ya shafa gemunsa ya ci gaba.

"Gahwara ta Allah ta. Ni ban riƙe ka ba, ɗan'uwanka anka kashe. Amma ka san yadda Dikko yam mutu?"

Na ce na ji an ce a bakin kasuwa ne.

"Ba ka sani ba. Wata mai tallan nono ta rugarmu tana wurin, ita tab ba mu labari. Da samarin sunka taso, duk Fulanin da ag ga kasuwa sunka watse, mata sunka bar ƙorensu. Dikko na da ƙahwa, ya hi ni gudu ko da tsuhwanai. Kuma daji na nan kusa. Amma shi ba ya da waya, bai san abin da waƙag ga ta koma ba. Shi dai ya san ta wasan ƙanenai ta, ya sha tahowa kallo, ya hardace ta duk. Da yaj ji ta, sai yat tsaya yana dariya."

Ya gyara zama, ya dubi awakinsa.

"Sunka yi amshi, sunka tsaya shan numfashi. Shi kau sai yaj jingina da sanda, yaɗ ɗage ƙahwa guda, yak kama: Mai kalme, in na tahi wa ka ba ka taki. Bai kai layi na biyu ba."

Iska tana kaɗa ganyen aduwa, wata akuya tana kuka can gefe. Sambo bai ɗaga murya ba, bai yi hawaye ba.

"Da wata waƙa ta, da ya gudu. Amma tamu ta, Kaɗo. Ya ji an buɗe ƙohwa, shi ko ya san ba a barin ta wohi."

 Ƙwaryar nonon tana hannuna, na kasa sha, na kasa ajiyewa.